Zambon Yayi a Jikin Kofin Gahawa

Wannan sharhi ya shafi wani ƙaramin kayan gida da ake sayarwa a kantunan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, da kuma kasuwannin intanet, wato kofin tangaran mai mariƙi na shan gahawa wanda aka buga wa tsohon zanen barkwanci a jiki, zanen da ke zambo ga masu bin yayin sutura. Zanen barkwanci shi ne hoton da mai zane ke ƙara wa gishiri da gangan, ya tsawaita abin da ke da tsawo, ya kumbura abin da ke da kauri, domin mai kallo ya yi dariya kuma ya gane wanda ake nufi. Yayi kuwa shi ne salon ɗinki ko na kwalliya da jama'a ke rububinsa na ɗan lokaci kafin su watsar da shi su koma wa wani. Mafi yawan zane-zanen da ake bugawa a jikin waɗannan kofuna an yi su ne a Landan da Paris tsakanin shekarun 1770 da 1870, kuma abin da sharhin ke son nunawa shi ne cewa kofin ya adana hoton amma ya datse masa harshe, domin zambo magana ce da ake jifan wani da ita a gaban mutanen da suka san shi, kuma idan aka ɗauke ta daga wannan taro aka manna ta a jikin moɗa, dariyar takan saura amma wanda aka jefa da dalilin jifan sukan ɓace.

Kafin a gane abin da aka rasa, sai an san yadda zanen yake rayuwa a zamaninsa. A Landan ta ƙarshen ƙarni na 18 zanen barkwanci ba a cikin jarida yake fitowa ba, takarda ce guda ɗaya da ake saye ita kaɗai. Mai zane yakan shafe farantin tagulla da kaki, ya yi zanensa da tsinin allura har ya tone kakin, sannan a zuba ruwan asid ya ci wuraren da allurar ta bi, a wanke farantin, a cika ramukan da tawada, a danne shi a kan takarda mai laima da injin matsi. Bayan haka ne masu fenti, waɗanda ake biya gwargwadon yawan takardun da suka gama, suke bi da hannu suna shafa launi. Takarda mai launi tana iya cin sule biyu ko fiye, abin da ya kai ko ya zarce ladan yinin lebura, saboda haka masu saye attajirai ne da 'yan majalisa da 'ya'yan sarauta, talaka kuwa rabonsa tsayuwa a bakin tagar kanti, inda ake jera sababbin zane a bayan gilashi har cunkoso ya tare hanya. Wani mai kanti a titin Piccadilly, Samuel William Fores, har hayar kundin zane yake bayarwa na dare ɗaya, domin mai gida ya nishaɗantar da baƙinsa bayan cin abinci ya mayar da safe.

A ƙasan kowane zane akwai wani siririn layi da ke ɗauke da ranar bugawa da sunan mai kanti, kuma wannan layi doka ce ta haifar da shi. A 1735 majalisar Birtaniya ta zartar da dokar kare haƙƙin masu zane a kan tagulla, wadda ake jingina ta ga mai zane William Hogarth saboda shi ne ya ja gaban neman ta bayan masu satar fasaha sun addabe shi. Dokar ta ba mai zane kariyar shekara 14, bisa sharaɗin a rubuta rana da sunan mai haƙƙi a jikin farantin. Albarkacin wannan sharaɗi ne masana ke iya cewa wane zane ya fito a wace rana, su kuma haɗa shi da abin da jaridu ke tattaunawa a makon. Babban kundin da ya lissafa tarin zane-zanen zambo na Gidan Tarihin Birtaniya, wanda Frederic George Stephens ya fara fitarwa a 1870 kuma Mary Dorothy George ta kammala a 1954, ya ƙunshi bayanin zane fiye da 17,000, kuma aikin da ya fi cin ran marubutansa shi ne gano wane ne wane a cikin hoto, abin da ɗan kallon bakin taga yake ganewa da ƙiftawar ido.

Zambon sutura ya zama sana'a mai zaman kanta a kantin Matthew da Mary Darly da ke titin Strand, waɗanda tsakanin 1771 da 1773 suka fitar da jerin ƙananan zane na samarin da ake wa laƙabi da makaroni. Asalin laƙabin shi ne cewa 'ya'yan masu hali sukan yi doguwar tafiyar ƙaro wayewa zuwa Italiya, su dawo da son taliyar makaroni da matsattsun tufafi da wata irin hular gashi mai tudu wadda ake ɗora wa 'yar mitsitsiyar malafa a ƙololuwa, har sunan abincin ya koma sunan mai cinsa. Hular gashin ita ce kakar wadda alƙalai da lauyoyi ke sawa har yau a manyan kotunan Najeriya, sai dai a wancan zamani ado ce ta kowane mai neman a ce masa babba. Abin da ke ƙasan dariyar kuwa tsoro ne: tsoron cewa namijin Ingila yana komawa mace, kuma yana komawa baƙo, a daidai lokacin da ƙasar ke gasa da Faransa a teku da tudu. Ba a jima ba laƙabin ya sauko daga 'ya'yan manya ya hau kan akawu da yaron kanti da duk wanda ya yi kwalliyar da ake ganin ta fi ƙarfin aljihunsa, kuma daga nan aka fara ganin hanyar da wannan zambo zai riƙa bi na tsawon ƙarni guda.

Mata ma ba su tsira ba. A shekarun 1770 matan manyan gidaje suna tayar da gashinsu sama a kan matashin ulu ko gashin doki, a shafe shi da man kitse, a barbaɗe shi da farar hoda, a ƙawata shi da furanni da gashin tsuntsu, kuma masu zane suka ɗauki wannan tudu suka mayar da shi fili da ake iya gina komai a kai. A 1776 kantin Darly ya fitar da zanen wata mace da aka kafa sansanonin soja da tutoci da igwa a kan gashinta, ana ishara da gumurzun tudun Bunker na 1775, inda sojan Birtaniya suka yi nasara a kan 'yan tawayen Amurka da asarar rayuka mai yawa. Wanda ya ga wannan hoto a jikin kofi yau zai ɗauka raha ce kawai a kan kitso, alhali rabinsa sharhi ne a kan yaƙin da gwamnati ke neman faɗuwa a cikinsa. Ita kanta hodar, wadda ake yi da sitacin alkama, ta shiga siyasa a 1795, lokacin da firayim minista William Pitt ƙarami ya sanya harajin gini ɗaya a shekara ga duk mai son barbaɗa ta, ana tsakiyar yaƙi da Faransa kuma burodi ya yi tsada. Gini sulalla ce ta zinariya mai darajar sule 21, wadda ta samo sunanta daga gaɓar Gini ta Afirka ta Yamma inda aka fara samo zinariyar da ake ƙera ta. Masu adawa da gwamnati, cikinsu har da Duke na Bedford, suka aske gashinsu gajere suka daina hodar, ta yadda kan mutum ya zama shaidar ɓangaren da yake goyon baya.

Gwanin wannan zamani shi ne James Gillray, wanda aka haifa a 1756 ya rasu a 1815, kuma mafi yawan aikinsa Hannah Humphrey ce ta buga ta sayar, a kantinta da daga baya ya koma titin St James, kusa da fada da kulob-kulob na manya. A watan Disamba na 1794 ya fitar da wani zane mai taken bin yayi, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Mata biyu ne a tsaye, kowacce sanye da rigar da ta shigo a lokacin, wadda aka ɗage ƙugunta daga inda Allah ya ajiye shi zuwa ƙasan ƙirji, sauran yadin kuma ya zuba har ƙasa. Ta farko doguwa ce siririya kamar sillen kara, ta biyu gajera ce mai ƙiba wadda rigar ta mayar da ita kamar tulu. Rubutun da ke ƙasa ya bayyana cewa siririyar 'yar unguwar St James ce, unguwar fada, mai kafa yayi, kuma an siffanta ta da ruhin da ba shi da jiki. Mai ƙibar kuwa 'yar Cheapside ce, unguwar 'yan kasuwa, mai kwaikwayon yayin, kuma an siffanta ta da jikin da ba shi da ruhi. Duk wanda ya san Landan ya gane cewa ba zancen rama da ƙiba ake yi ba: ana cewa ne matar ɗan kasuwa tana iya sayen yadin da matar basarake ta saya, amma ba za ta iya sayen asali ba. Gillray bai bar matar fadar ta tafi lafiya ba, domin ita ma ya mayar da ita fatalwa, amma bulalar da ta fi zafi a kan mai kwaikwayo ta sauka.

Kayan wannan yayi daga nesa suke zuwa. Farin yadin auduga shara-shara da ake ɗinka rigunan da shi, mafi kyawunsa saƙar Bengal ce, musamman yankin Dhaka, wanda Kamfanin Gabashin Indiya ke shigowa da shi, kuma shara-sharansa ne ya ba masu zane damar zolayar matan Paris da fita tsirara a cikin sanyin hunturu, kamar yadda aka yi a wani zane na 1799. Dogayen gashin da ake kafawa a ka na jimina ne, kuma a ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayarin Sahara ke ɗauka daga Kano da Borno zuwa Tarabulus, daga can a tsallaka da shi Turai. Ke nan abin da ke ƙawata takalmin Sarkin Kano shi ne ke lilo a kan matan Landan, kowa da ma'anar da ya ba shi. Gillray ya yi amfani da irin wannan gashi a zanensa na 1796, inda wata uwa 'yar gayu ta zauna cikin cikakkiyar kwalliya, mai reno ta miƙo mata jariri ya sha nono ta tsagar riga ba tare da uwar ta rungume shi ba, keken doki kuma yana jiranta a waje.

Bai kamata a ɗauki waɗannan masu zane a matsayin masu wa'azi da ba su da ra'ayin aljihu ba. Daga 1797 Gillray yana karɓar fanshon fam 200 a shekara daga ɓangaren gwamnati, kuma alƙalaminsa ya fi karkata ga caccakar 'yan adawa daga nan; George Cruikshank, wanda ya shafe shekaru daga 1816 yana fitar da jerin zanen da ya kira dodannin yayi, yana nuna 'yan gayu da ke shawagi a lambun Hyde da matsattsen ƙugu da wuyan riga da ya haɗiye kunne, ya karɓi fam 100 a 1820 bisa alƙawarin ba zai zana Sarki George na huɗu a cikin halin rashin ɗa'a ba. Mai zambo a Landan, kamar maroƙi a ko'ina, ana iya toshe masa baki, kuma wanda ba shi da abin toshiya shi ne ya fi shan zagi.

Wannan ya fito fili a zamanin krinolin, wato kejin zobban waya na ƙarfe da mace ke ɗaurawa a ƙugu domin ya buɗe siket ya yi faɗi, siffarsa kamar akurkin kaji da aka kife. An yi masa rajistar ƙirƙira a Paris a 1856, kuma cikin 'yan shekaru masana'antu suka riƙa ƙera shi da yawan gaske. A lokacin zanen barkwanci ya riga ya bar tagar kanti ya shiga mujalla: Le Charivari ta Paris, wadda aka kafa a 1832 kuma Honoré Daumier ke yi mata zane, da Punch ta Landan, wadda aka kafa a 1841 kuma John Leech ke cikin manyan masu zanenta. Sun zana mata suna maƙalewa a ƙofa, suna cika motar haya ta doki su kaɗai, iska tana ɗaga su sama kamar laima, mazansu kuma suna leƙe daga bayan tudun yadi. Haɗarin gaske ma yana nan, domin faffaɗan siket yana taɓa murhu ko kyandir mai shi ba ta sani ba, iskar da ke ƙarƙashinsa kuma tana hura wutar. A gobarar cocin Jesuit da ke Santiago ta ƙasar Chile, ranar 8 ga Disamba 1863, mutum fiye da 2,000 suka halaka, galibinsu mata, kuma faɗin tufafinsu na cikin abubuwan da suka ƙara cunkoso a bakin ƙofa.

Duk da haka, matan da suka rungumi krinolin ba wawaye ba ne. Kafin zuwansa, mace mai son faffaɗan siket sai ta jera fatari a kan fatari, masu nauyi da zafi, suna naɗe mata ƙafa. Kejin waya ya sauke mata wannan kaya, ya bar ƙafafunta su yi tafiya. Abu na biyu, yana da araha, har 'yar aikin gida da ma'aikaciyar masaƙa suna iya saye, kuma a 1860 kamfanin saƙa na Courtauld ya hana ma'aikatansa mata shiga da shi wurin aiki saboda injuna. A nan ne zanen Punch ke tona cikinsa, domin jigon da ya yi ta maimaitawa shi ne na uwar gida da ta tarar da 'yar aikinta sanye da keji irin nata. Abin da ya ɓata wa mai karatun mujallar rai, wanda shi ne ke biyan albashin 'yar aikin, shi ne yadda a ranar Lahadi ba a iya bambance ta da matarsa daga nesa. Matar Cheapside ta 1794 ita ce ta dawo sanye da waya.

A Amurka wannan bulala ta sauka a kan baƙar fata. Tsakanin 1828 da 1830 Edward Williams Clay ya fitar da jerin zane a kan rayuwar birnin Philadelphia, birnin da ke da ɗimbin baƙaƙe 'yantattu tun bayan dokar jihar Pennsylvania ta 1780 da ta tsara soke bauta sannu a hankali. Clay ya zana su cikin tufafin yayi da aka kumbura fiye da kima, ya lalata musu fuska, ya sa musu karyayyen Turanci a baki, saƙon kuma shi ne cewa baƙin mutum da ya sa kwat da safar hannu abin dariya ne domin ya nemi matsayin da ba nasa ba. An sake buga jerin a Landan a shekarun 1830, ya kuma samu kasuwa. A rumbunan hotuna na intanet irin waɗannan zane suna zaune a aji ɗaya da na makaroni da na krinolin, ƙarƙashin kan magana guda na zambon sutura, kuma na'urar da ke manna hoto a jikin kaya ba ta karanta niyya.

Buga zambo a jikin tangaran kuwa ba sabon abu ba ne, ko da yake masu tallar kofunan zamani sukan nuna kamar su suka fara. A 1756 John Sadler da Guy Green na Liverpool suka yi rantsuwa a rubuce cewa sun buga hoto a kan tayil 1,200 cikin awa shida, aikin da da masu fenti da hannu ne zai ci ma'aikata masu yawa. Dabarar ita ce a ɗauki tawadar da ke kan farantin tagulla a kan siririyar takarda, a manna ta a jikin tangaran, sannan a gasa shi a tanda har hoton ya zauna. Daga shekarun 1760 Josiah Wedgwood yana aika kayansa Liverpool a buga musu hoto ta wannan hanya. A lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon masu tukwane na Ingila sun kwashi zane-zanen barkwanci daga kantunan Landan sun buga su a jikin butoci da moɗayen giya, har akwai fo, wato mazubin da ake ajiyewa a ƙarƙashin gado domin lalurar dare, da aka dasa ɗan gunkin Napoleon a cikinsa. Bambancin shi ne cewa mai shan giya da wannan moɗa a 1803 yana tsoron jiragen Faransa da gaske, wanda ake zagi yana raye, kuma zagin yana da zafi a baki.

Ita ma gahawa tana da tsohuwar alaƙa da tsegumi a birnin Landan. Daga Habasha ta fito, Sufayen Yaman suka mayar da ita abin sha na raya dare a ƙarni na 15, kuma daga sunanta na Larabci ne Hausa ta samu kalmar gahawa, ko da yake a bakin mutane da yawa kofi shi ne mazubin kuma shi ne abin da ke ciki. An buɗe gidan shan gahawa na farko a Landan a 1652, kuma cikin ɗan lokaci irin waɗannan gidaje suka zama majalisar karanta jarida da caccakar hukuma, har Sarki Charles na biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, umarnin da aka janye kafin ya fara aiki.

Abubuwa biyu ne suka haifar da kofin zamani, ɗaya na doka, ɗaya na fasaha. A dokokin Birtaniya da Tarayyar Turai haƙƙin mallakar aikin fasaha yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi, saboda haka duk waɗannan zane sun zama dukiyar kowa tun da daɗewa. Abin da ya rage shi ne samun hotonsu mai kyau, kuma gidajen tarihi suka buɗe wannan ƙofa da kansu, inda Rijksmuseum na Amsterdam ya saki hotunan tarinsa kyauta a 2012, gidan Metropolitan na New York kuma ya saki hotuna 375,000 a 2017 ba tare da sharaɗi ba, ko da na kasuwanci ne. A ɓangaren fasaha, ana buga hoton a juye a kan takarda ta musamman da wata tawada da zafi ke mayar da ita tururi, a naɗe takardar a jikin farin kofi da aka riga aka shafe da siririn rufin roba, a danne shi a injin zafi na kimanin digiri 180 zuwa 200 na 'yan mintoci, tururin ya shige cikin rufin ya daskare. Ita ce dabarar da ake buga hoton ango da amarya ko na ɗan takara da ita a jikin kofunan rabo a biranen ƙasar Hausa. Kamfanoni irin su Zazzle da Redbubble sun ɗora wata hanyar ciniki a kai, wadda ba a buga kofi sai an biya kuɗinsa, ta yadda mai sayarwa ba ya ajiye kaya ko ɗaya, kuma yana iya jera dubban hotuna da bai taɓa karanta rubutunsu ba.

Akwai alheri a cikin wannan, kuma adalci ne a faɗe shi. Takarda mai fentin ruwa haske yana cinye mata launi, saboda haka asalin zanen yana kwance a akwatin gidan tarihi, ba ya fitowa sai na 'yan watanni, ko sai ga mai bincike da ya nemi izini; kofi kuwa ya kai Gillray teburin da kakannin mai shi ba su wuce bakin taga ba. Amma illar ta fi zurfi fiye da yadda ake zato. Hoton da aka cire wa rubutu yakan koma shaida a idon mai kallo, har mutane su gaskata cewa matan 1770 suna yawo da gashi mai tsawon ƙofa, ko kuwa kowane siket na 1860 yana cika ɗaki, alhali rigunan da suka saura a gidajen tarihi da hotunan kyamara na zamanin krinolin suna nuna abin da bai kai haka ba. Ƙarin gishirin da kowa ya san ƙari ne ya zama tarihi. Sannan dariyar ta sauya sheƙa: mai sayen kofin sau da yawa mai sha'awar tsofaffin tufafi ne, ya saye shi ne domin rigar ta burge shi, ke nan hoton da aka yi domin a kunyata mai kwalliya ya zama shi kansa kayan kwalliya, wanda ake ajiyewa a teburin ofis domin abokan aiki su san mai shi yana da ido da sani. An ce zamani riga ne, kuma kofin da ke zolayar yayi shi ma yayi ne, mai araha, na kwaikwayon ɗanɗanon manya, daidai irin cinikin da Gillray ya zana matar Cheapside tana yi.

Siffar kofin ita ma tana da nata hukunci. Takardar Gillray takan kai kimanin santimita 25 a 35, a shimfiɗe, ana ganin ta gaba ɗaya da kallo guda. Kofin da aka fi sayarwa, mai cin kimanin mililita 325, filin bugawarsa ɗan zirin da bai wuce santimita 9 a tsaye da 20 a kwance ba ne, kuma a lanƙwashe yake. Domin mutanen da ke cikin hoton su fito da girma, abin da ake fara yankewa shi ne ƙasan takarda, inda take da rubutun zambo da layin rana da dokar 1735 ta tilasta suke, idan kuwa aka bar su sai su ƙanƙance har ido ya kasa karantawa. Idan aka naɗe zanen bin yayi na 1794 a kewayen irin wannan kofi, siririyar St James takan faɗa gefe ɗaya na mariƙi, mai ƙibar Cheapside ta faɗa ɗaya gefen, ta yadda mai sha da hannun dama yana fuskantar ɗaya, wanda ke zaune a gabansa yana fuskantar ɗayar, kuma babu ɗayansu da ke ganin matan biyu a tsaye kusa da juna sai an juya kofin.